Kafin A Yanka Rago, A Auna Sunan Yaro

Duk wanda ya saba halartar raɗin suna a unguwannin Hausawa na Kudu, kamar Agege da Idi-Araba a birnin Ikko, ko Sabo a Badun, ko Ama-Hausa a Owerri, ya san wani abu da ya soma zama ruwan dare. Da sassafe an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba goro da dabino, rago yana ɗaure a gefe, uban jariri ya matso ya raɗa wa liman suna a kunne. Sai a ga liman ya ɗan yi jim, sa'an nan ya ce, "Alhaji, sake faɗa mini." A sake faɗa masa. Wani lokaci ma har sai an zaro wayar hannu an nuna masa yadda aka rubuta abin. Liman ya yi ta maza ya sanar, a shafa fatiha, maroƙi ya ɗauka ya kai cikin gida gwargwadon yadda kunnensa ya jiye masa. Kafin hantsi suna ɗaya ya zama uku, na uba daban, na maroƙi daban, na kakar yaro kuma daban.

Daga nan gardama ke tashi. Tsofaffi su ce yaran yanzu sun raina sunayen iyaye da kakanni, sun koma kwaso na fina-finan Indiya da na Turkiyya, da waɗanda intanet ke jero musu ɗari-ɗari. Matasa kuwa su ce ai ɗansu ne, su suka haifa, su suka sayi rago, kuma sun gaji da ganin an shiga aji an kira Muhammadu rabin ajin ya miƙe tsaye. Ko wane ɓangare yana da 'yar gaskiyarsa. Amma a cikin gardamar nan duka akwai mutum guda da ba a taɓa tambaya, shi ne kuwa wanda ke naɗe cikin zane yana sharar barci. Shi zai ɗauki sunan nan shekara sittin ko tamanin in Allah ya yi masa tsawon rai. Da shi za a kira shi a makaranta, da shi za a ɗaura masa aure, da shi kuma za a yi sanarwar rasuwarsa. Bahaushe ya ce suna linzami ne. To, in haka ne, bakin da za a sa wa linzamin shi ya fi cancanta a duba kafin a duba sha'awar mai doki.

Da farko dai ya kamata a yi wa matasan nan adalci. Baƙuntar suna ita kaɗai ba laifi ba ce. A cikin Suratu Maryam an bayyana cewa sunan Annabi Yahaya ba a taɓa sa wa wani shi ba kafinsa, watau a ranar da aka raɗa shi babu sunan da ya fi shi baƙunta. Haka kuma duk sunan da ake gani yau kamar tare aka halicce shi da Hausawa, akwai ranar da ya zo musu baƙo. Kakannin da ke kiran 'ya'yansu Tanko da Kande da Nomau da Anaruwa, su ma wata rana suka fara jin Abdulƙadir da Rukayya, harshensu ya yi ta tuntuɓe har ya saba.

Abin lura shi ne, mutanen da ba su ji tsoron suna mai ban mamaki ba. Akwai abin da ya kai a kira yaro Ajuji, ko Ayashe, ko Barau? Amma matar da 'ya'yanta ke mutuwa tun suna goye, in ta sa wa na baya Ajuji, kowa a garin ya san labarin da ke cikin sunan, ya san hawayen da aka zubar kafin a kai ga wannan. Gambo ya biyo tagwaye, Audi an haife shi bayan rasuwar ubansa, Talle ya tashi maraya, Sallau ya zo ranar Salla, Cindo ya zo da yatsa shida, Kyauta an daɗe ana nema kafin a samu. Makwabta Yarbawa ma haka suke, suna da Malomo da Kokumo ga yaron da ake roƙon kada ya koma, suna da Idowu a inda Bahaushe ke da Gambo. Duk waɗannan in aka tsai da uban yaro aka tambaye shi dalili, zai faɗa ba tare da ya sosa ƙeya ba. Yau kuwa sau da yawa in aka tambayi mai jego ko maigidanta ma'anar sunan da suka zaɓa, amsar ba ta wuce, "Sunan Larabawa ne," ko kuma, "Yana da daɗin faɗa."

Nan ne ma'aunin farko yake, kuma addini bai yi wasa da shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa mutane da dama suna, har da manya masu gemu. Akwai 'yar Sayyidina Umar da ake kira da sunan da ke nufin mai saɓo, ya mai da ita Jamila. Akwai waɗanda ake kira Barra, sunan da ke nuna yabon kai, ya mai da wata Zainab, wata Juwairiyya. Kakan babban malamin nan na Madina, Sa'idu ɗan Musayyib, sunansa Haznu, watau tsanani da kaushi. Aka ba shi Sahlu, watau sauƙi, ya ce shi ba zai sake sunan da ubansa ya sa masa ba, jikan kuwa daga baya ya riƙa cewa kaushin nan bai bar zuriyarsu ba. Saboda haka mai cewa suna suna ne kawai, ma'ana ba ta dame shi ba, sai ya sake tunani.

Labarin 'yar Sayyidina Umar ɗin nan yana da wani darasi ga mai rubutun boko. Sunan da aka cire mata, in aka rubuta shi da baƙaƙen boko, Asiya zai fito, daidai da sunan Asiya matar Fir'auna, baiwar Allah da kowane Musulmi ke alfahari ya sa wa 'yarsa. A Larabci haruffansu daban ne, ma'anarsu kuwa gabas da yamma. Wanda ya tsinci suna a intanet an rubuta shi da boko, ba shi da hanyar sanin wanne ya ɗauko cikin kalmomi biyu ko uku masu kama da juna, sai ya kai wa wanda ya san Larabci ya mai da shi asalinsa. Wasu kuma sun ɗauka duk kalmar da ke cikin Alƙur'ani ta isa suna, suna buɗe shafi su zaɓi wadda ta yi musu daɗi a kunne. Sun manta Fir'auna da Hamana da Ƙaruna da Abu Lahabi duk suna ciki, haka ma sunayen wuta da na azaba. Ko sunan nan Abdul da ya cika Kudu, in aka bar shi haka nan rabin magana ne, an ce bawa ba a faɗi bawan wa ba.

To, a ce ma'ana ta yi kyau. Saura baki. Harshen Bahaushe kamar dutsen niƙa yake, duk sunan da ya shiga sai ya fito da laushi. Abdullahi ya zama Audu, Muhammadu ya zama Mamman, Ibrahim ya zama Iro, Hadizatu ta zama Dije, Maryamu ta zama Mairo, Zainabu ta zama Abu. Ba wanda ya yi doka a kan haka, kuma ba wanda zai iya hanawa. Don haka uban da ya samo sabon suna, kafin ya kai wa liman, ya fara kai wa tsohuwarsa ya ce, "Inna, faɗi wannan in ji." Abin da ya fito daga bakinta, shi ne ainihin sunan da yaron zai tashi da shi a cikin dangi. In ta faɗa sau uku ya fito iri uku, ko kuwa ta ce, "Kai ɗan nan, ni dai zan riƙa ce masa Baba," to an ga alama.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, watau sunan da ke da kyau a ƙasarsu amma ya faɗo kan mummunar kalma a Hausa. Larabawa suna da sunan mata mai ma'anar ado da ƙawa, wanda Hausawa tun tuni suka gyara shi suka ce Zinatu. Mutanen da ba su yi wannan ƙarin a banza ba. Wanda ya ga dama ya yanke wutsiyar don ya yi kama da na ƙasashen waje, ya rubuta wa 'yarsa Zina a takarda, ya dubi abin da ya ɗora wa yarinya. Haka wadda ta ji Maya a fim ya burge ta. Ba za a yi mako guda da sa yarinyar a makarantar allo ba sai an sami shaƙiyyin yaro ya ƙara harafi ɗaya ya ce mayya, shi ke nan kuwa ya bi ta har gidan miji. Yara ba su da tausayi a wajen tsokana, kuma ba sa mantuwa. Babba yana iya dariya ya wuce, amma 'yar shekara bakwai da ake bi ana yi wa waƙa a hanyar makaranta ba dariya take yi ba.

Bahaushen da ke zaune a Kudu yana da ƙarin aiki a kan na ɗan'uwansa na Kano ko Katsina, domin ɗansa cikin harsuna biyu ko uku zai tashi. Malaminsa na firamare Bayarabe ne ko Inyamuri, abokan wasansa haka, mai rubuta masa kati a asibiti haka. Yarbawa Musulmi suna girmama sunan yanka, har ma da kalmar suna suke kiransa, amma su ma nasu dutsen niƙan yana aiki: Abdulhamid ya koma Lamidi, Abdul'aziz ya koma Lasisi, Abdurrazaƙ ya koma Rasaki. Waɗannan sun saba da su, ba su da illa. Amma a ɗauki Ayan, wanda iyaye da yawa ke sha'awa yanzu. A ƙasar Yarbawa duk sunan da ya fara da Ayan alama ce ta zuriyar makaɗa, in kuwa aka ɗan ja muryar aka karkata ta, sai kalmar ta koma kyankyaso. Uban da ke zaune a Sabon Badun shekara ashirin, yana ciniki da Yarbanci kullum, bai kamata wannan ya wuce shi ba. Tambayar maƙwabci ɗaya ta isa.

Sai maganar takarda, wadda ita ce ta canza al'amarin gaba ɗaya. A da suna a baki yake zaune. In bai yi daɗi ba sai a bar shi ya mutu, wani ya tsiro a gurbinsa, ba wanda ya sani. Yanzu kuwa tun daga takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta wajabta yin rajistarta, suna ya shiga kwamfuta. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN. A ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, watau NIN, a 2021 kuma hukumar JAMB ta sa lambar nan cikin sharuɗɗan rubuta jarrabawar shiga jami'a. Duk waɗannan wurare so suke suna ya zo iri ɗaya, harafi da harafi. Kwamfuta ba ta san kara ba, ba ta san "ai shi ne" ba.

Ko sunayen da kowa ya sani ma suna shan wahala. Yarinya guda sai a same ta A'isha a takardar haihuwa, Aishat a ta firamare don malamin Kudu ya ƙara mata harafi irin nasu, Aisha kuma a banki don na'urar ta ƙi karɓar ɗigon da ke sama. Masu Mu'azu da Sa'adatu da Ɗanlami sun san wannan ciwo. To, in Muhammadu da duk duniya ta sani ana rubuta shi iri huɗu ko biyar, ina ga sunan da akawu bai taɓa ji ba, wanda ko uban da ya zaɓa in aka ce ya rubuta yau ya rubuta gobe sai an sami bambanci? Ƙarshen abin shi ne zuwa kotu a yi rantsuwa, a biya jarida ta buga sanarwar canjin suna, a yi ta jerin gwano a ofisoshi. Mai karatu ya juya shafukan baya na kowace babbar jarida ya ga yadda 'yan ƙananan akwatunan nan na canjin suna suka cika shafi. Wasu aure ne ya kawo su, amma da yawa gyaran abin da aka ɓata ne tun suna cikin zanen goyo, kuma galibi ba sa ganewa sai ranar da guraben karatu ko albashin farko ya maƙale.

Akwai wani nau'in kuma da ya kamata a taɓa, shi ne sunan da guguwar zamani ke kawowa. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a ranar 13 ga Fabrairu, 1976, an sami Murtala a kusan kowace unguwa, Arewa da Kudu, kuma masu sunan nan ba su yi asara ba don mai sunan ya riga ya cika da mutuncinsa. Amma a 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, sai aka shiga sa Saddam, bayan harin da aka kai Amurka a 2001 kuma Usama ya yi kasuwa. Usama suna ne mai asali, na sahabi ne ɗan Zaidu, babu abin da za a ce da shi. Sai dai waɗanda suka sa shi a shekarar nan da yawansu ba sahabin suke nufi ba, yaran kuwa yanzu sun zama magidanta, suna miƙa fasfo a filayen jiragen sama na duniya ɗauke da fushin da iyayensu suka yi kwanaki kaɗan suka huce. Sa wa yaro sunan mutumin da ke raye, ɗan siyasa ne ko ɗan ƙwallo ko tauraron fim, caca ce, don ba a san yadda zai ƙare ba.

Wasu ƙasashe hukuma ce ke shiga tsakani. A Faransa sai a 1993 aka sakar wa iyaye mara su zaɓi abin da suke so, duk da haka wata kotu ta hana a sa wa yarinya Nutella, sunan wani abin shafa wa burodi, ta ce a kira ta Ella. A 2014 Saudiyya ta fitar da jerin sunaye kimanin 50 da ta hana, har da Linda da Malak. A nan Nijeriya dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce kowane yaro yana da haƙƙin a ba shi suna, ko ranar haihuwa ko ranar da al'adar iyayensa ta tanada, ba ta kuwa jera waɗanda za a sa da waɗanda ba za a sa ba. Hakan ya yi daidai. Ƙasar da ke da harsuna ɗaruruwa, wane akawu ne zai zauna ya ce wannan suna ne wannan ba suna ba ne? Da an ba su wannan iko da tuni ya zama wata sabuwar ƙofar na-goro. Amma tun da hukuma ba ta tsare ƙofar, nauyin ya dawo kan gida.

Gidan Bahaushe kuwa yana da dabarar da ta raba wannan gardama tun kafin a haifi masu yinta. Yaro yana da sunan yanka, yana kuma da laƙabi ko sunan rana. Sunan yanka shi ne mai nauyi, na annabawa da sahabbai da kakanni, shi ake yanka wa rago. Laƙabi kuwa fili ne a buɗe. Saboda alkunya uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, suruka ba ta kiran sunan mahaifin mijinta, don haka aka sami su Abba da Baffa da Ummi da Uwani, daga baya su Walida da Halifa da Amira suka shigo ta wannan ƙofa, ba wanda ya ɗaga murya. Ma'auratan da suka ƙwallafa rai a kan wani sabon suna, in sun bincika ma'anarsa ta yi kyau amma suna shakkar yadda zai zauna a bakin mutane, ga hanya nan. A yanka rago da Fatima ko Usman, a rubuta shi a takarda, a kira yaro da sabon a cikin gida. In sunan mai rai ne zai kama, har ya rufe na yankan kamar yadda ake yi wa dubban mutane. In kuwa ya zame wa yaro abin kunya, ranar da ya yi wayo sai ya ajiye shi ya ɗauki na takardarsa, ba kotu ba jarida.

Wanda kuma ya ce shi lalle sabon sunan nan ne zai zama na yanka, yana da iko, ba a ce masa kada ya yi ba. Sai dai kwana bakwai da shari'a da al'ada suka ba shi, ai ba na sayen rago da hayar kujeru ba ne kaɗai. Kuskuren da ake yi shi ne ɓoye suna kamar sirrin sarauta har sai jama'a sun taru, lokacin da liman ba shi da halin cewa a'a ba tare da ya kunyata mai gida a gaban baƙinsa ba. Da uba zai je wa liman tun kwana uku da haihuwa, bayan sallar isha'i, ya ce, "Allah gafarta Malam, ga sunan da mai ɗakina take so, a duba mana," da malamin ya sami sukunin buɗe ƙamus, ko ya tambayi wanda ya fi shi Larabci. Su ma limaman unguwanni suna da nasu laifin, don wasu suna jin nauyin su ce ba su san kalma ba, sai su sanar da abin da ba su fahimta ba. Ita ma mai jego a saurare ta, don yawanci ita ce ta yi wata tara tana juya sunan a ranta, kuma in aka nuna mata illarsa cikin mutunci, da wuya ta zaɓar wa ɗanta abin da za a yi masa dariya. In an daidaita, uba ya ɗauki biro ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe a takarda guda, ya adana ta, ita zai miƙa wa ma'aikacin rajistar haihuwa, ita kuma zai kai wa hedimasta ranar da yaro ya isa shiga makaranta.